Ranar da Kaka Ta Ƙaryata Littafi

Wancan makon na bi ta tsohuwar hanyar kasuwa a bayan ɗan kabu-kabu, sai na ce ya tsaya. Ya ɗauka canji zan yi, don yanzu 'yan canji ne jere a wurin suna kiran mai naira da mai sefa. Ni kuwa wani ɗaki nake nema, ginin ƙasa mai taga biyu da koriyar ƙofar katako. Babu shi. An rushe an yi shaguna uku na bulo, ɗaya ana cajin waya, ɗaya ana sayar da mai a kwalabe, na ukun a rufe. Na tambayi mai shagon cajin ko ya san abin da ke wurin a da, ya ce shi dai haka ya tarar. Ban ga laifinsa ba. Amma tun daga ranar, ɗakin karatun nan na Illela da mutumin da ke tsaronsa suke ta faɗo mini a rai, har na ga gara in zauna in rubuta tun ina da sauran ido.

Illelar da na tashi a cikinta ba ta da wannan hayaniya. Yau tun kafin a idar da sallar asuba babura sun fara kai-kawo tsakaninmu da Ƙwanni da ke ƙetaren iyaka, ba ka jin komai sai hon da ihun 'yan lodi. A wancan zamani abin da ke tashe ka shi ne luguden mata, taɓarya uku a turmi ɗaya, da ƙarar guga tana bugun bakin rijiya, da kukan jakunan da suka kwana a turke. Ranar kasuwa raƙuma su shigo daga arewa suna gurnani, Fulani su biyo da shanu, ka ji ana ciniki da Hausa, ana gaisawa da Fulatanci, wani can yana zagin jakinsa da Faransanci. Mahaifinmu goro da atamfa yake kaiwa ƙetare, don haka yawancin yini ba ya gida. Aikina da safe in cika randuna, in na dawo daga makaranta in yanko wa raguna ciyawa. Bayan la'asar kuma akwai aikin da ke haɗa mu duka, ni da ƙannena da 'ya'yan baffanmu, wato ɓarar gyaɗa da waken da ake kawowa daga gonarmu ta Amarawa. In kaka ta yi, jibge su ake yi a tsakar gida kamar ba za su ƙare ba.

Mai shugabantar wannan aiki ita ce Kaka, mahaifiyar babanmu. Doguwar tsohuwa ce 'yar Ƙwanni, haƙoranta jajir da goro. Da ƙuruciyarta ta bi kakanmu fatauci, ita ke dafa wa ayari abinci, ta taka hanyar Tawa har Agadas ba sau ɗaya ba. Ba ta yi mana tatsuniya da rana, ta ce mai yin haka ɓacewa yake yi a daji. Abin da take ba mu shi ne labarin abin da idonta ya gani. Za ta zauna a gindin bedi da kwando a gabanta, mu kewaye ta, ta ce, "Hannu shi yi aiki, kunne shi sha daɗi." In ta hango hannun wani ya tsaya, labari ma ya tsaya cak, ko da kura ta kusa shiga zango, sai mu hau wannan ɗin da harara har ya ci gaba. Ni ne babban jikanta namiji, don haka maigida take ce mini. Kullum cikin ƙorafi take wai ta auri malalaci, ban taɓa ba ta kuɗin cefane ba. Ni kuma in ce ta tsufa, canza ta zan yi.

Mai ɗakin karatun kuwa kowa Malam yake ce masa, kamar babu wani malami a garin. Tsohon malamin firamare ne da aka turo daga Sakkwato, siriri, yana ɗingisa ƙafar hagu. Littattafansa ba su da yawa, kanta biyu ce da akwatin ƙarfe ɗaya, amma ya karance su tsaf. Ba ya barin yaro ya shigo ya wawuri abin da ya ga dama ya fita. Sai ya zaunar da kai a benci ya ce, "Ku nawa na gidanku? In kana karatu, wa ka saurare?" Gidan da ke da ƙananan yara ya ba da na kacici-kacici. Gidan da uba ke son tarihi ya ba da wanda za a karanta masa in ya dawo kasuwa. Yaro mai kunya ya ba shi wasan kwaikwayo, ya ce ya raba wa 'yan'uwansa matsayi su yi a tsakar gida iyaye na kallo. In ya ga ka daɗe a sunkuye sai ya rufe maka littafin da hannunsa ya ce ka fita ka yi langa. Akwai ramukan dara a inuwar bakin ƙofarsa, shi ya koya wa da yawanmu. In motar majigi ta zo gari, shi ne farkon wanda zai je wurin masu ita ya ji abin da za su nuna, magidanta kuma su bi ta wurinsa su tambaya ko a bar iyali su je. In ya ce a je, a je. In ya ce na wannan karon ba na yara ba ne, an gama magana.

Yanzu waya ke zaɓa wa yaro abin da zai kalla, kuma ta iya zaɓe, don ta san abin da ke riƙe shi. Abin da ba ta taɓa yi ba shi ne ta tambaye shi su nawa ne a gidansu. Ina shiga gidajen 'ya'yana in tarar da yara biyar a ɗaki ɗaya, kowa ya ba wa ɗan'uwansa baya, wannan na dariya shi kaɗai, wancan na tsaki shi kaɗai. Ba zagin zamani nake yi ba, ni ma ina da tawa, kuma da ita nake jin muryar ɗiyata da ke aure a nesa. Na ma san cewa raba mutanen gida bai fara daga waya ba, domin ni da kaina na taɓa yin sa da littafi.

Abin ya faru ne a shekarar da bakina ya faɗa da karatun Hausa. Malam ya ba ni wani littafin labarun ban dariya, na kai gida na karanta wa ƙanena guda a zaure. Ya yi ta ƙyaƙyatawa har sauran suka jiyo, suka bar wakensu suka zo. Washegari ba wanda ya tsaya a gindin bedi, kowa zaure ya nufa. Na koyi canza murya, in yi ta mata, in yi ta ɓarawo, in yi ta alƙali. Yaran maƙwabta suka fara zuwa. Baba ya tarar da mu wata rana ya shafa kaina ya ce boko ya fara amfani. Kaina ya kumbura. Mako ya bi mako, ina mayar da wannan ina karɓo wancan, Kaka kuwa tana can ita kaɗai da kwandonta, kana jin ƙas-ƙas ɗin ɓawon wake daga zaure in mun yi shiru. Ba ta kira kowa ba, ba ta kai ƙara ba. Ta dai daina ce mini maigida, ta koma kiran sunana na yanka kamar baƙuwa. Bayan nan sai ta ce wa Baba in an gama ɗibar amfanin gona za ta koma Garu wurin gwaggonmu da zama. Ta ma fara ɗaure tufafinta a tsumma ta ajiye a bakin gado. Baba ya yi juyin duniya ta faɗi wanda ya ɓata mata, ta ce ba kowa, ta dai gaji da hayaniyar gari. Inna ce ta tare ni a bakin randa ta ce, "Kai dai ka raba tsohuwa da 'yan hirarta, Allah shi shirye ka." Na ji maganar, amma na ɗauke ta faɗan iyaye ne kawai.

Ranar da na mayar da littafi na biyar ko na shida, Malam ya yi mini tambayarsa ta kullum.

"To, ɗana, wa da wa ka saurarenka yanzu?"

"Kowa da kowa, Malam," na ce ina washe baki. "Zaure har cika shikai. Ko wurin Kaka ba mai zuwa yanzu."

Ya ɗago ya dube ni. "Da can mi kuke yi wurin Kaka?"

"Labarin hatauci take ba mu. Amma nata ba shi cikin littahi."

"Ji tay yi, ko gani?"

"Da ƙahwarta tat tahi, har Agadas."

Bai ce na yi laifi ba. Ya tashi yana ɗingishi ya buɗe akwatin ƙarfen nan, ya daɗe yana tono, ya fito da wani siririn littafi da bangonsa ya koɗe. Bayani ne a kan fataken arewa, yadda suke shirya ayari da yadda suke tafiya. Ko hoto babu a ciki.

"Wanga za ka ɗauka."

"Malam, wanga ba shi da dariya."

"Na sani. Kada ka karanta shi zaure. Ka tahi kusa da kakarka ka zamna, ka karanta da ƙarhi. In ta kore ka, ka matsa kaɗan ka ci gaba. In ba ka yi hakan ba, kada ka dawo min neman wani."

Na fito ina ƙunƙuni. Da la'asar ta yi yara suka taru a zaure, na ce musu yau babu. Na ratsa tsakar gida na zauna a gefen tabarmar Kaka. Ko kallona ba ta yi ba. Na buɗe na fara, karon farko ke nan da na yi karatu ba tare da jiran dariya ba. Shafin farko ya wuce, hannunta na ta aikinsa. Na shiga na biyu, inda mai littafin yake cewa kafin ayari ya tashi fatake kan cika tuluna da ruwa su ɗora wa jakuna. Sai na ji ƙas-ƙas ɗin ya tsaya. Na saci kallonta, ta ci gaba da ɓara, amma da ƙarfi, kamar waken ya yi mata laifi. Na ƙara gaba kaɗan, na zo inda ya ce madugu ne ke shiga gaba yana nuna hanya.

"Tsaya," in ji Kaka. "Koma baya. Mi yac ce ana ɗora ma jakkai?"

"Tuluna, Kaka."

"Tulu? Bisa jaki? Cikin duwatsun Adar?" Ta jefar da ɓawon da ke hannunta. "Wa yar rubuta wagga ƙarya? Kahin a kai zangon hwarko tulun ya zama tsingaro! Salka aka ɗauka, ta hwatar akuya, a rataye ta ƙarƙashin kaya iska na bugunta, ruwan shi yi sanyi kamar na randa. Kuma madugu baya shike, jagaba ka shiga gaba. In madugu na gaba, wa ka tsaron mai ciki da gurgu da jakin da yag gaji?"

Na ce, "Haka anka rubuta."

"To wanda yar rubuta bai taɓa jin ƙishirwa ba."

Daga nan ta ɓalle. Ta ba ni labarin ranar da ƙaya ta huda musu salka biyu a tsakanin rijiya da rijiya, ba su ankara ba sai da ruwan ya tsiyaye a jikin jaki. Ta ce ita ta zauna a rana ta ɗinke hudar da zaren da ta warware daga zanenta, kakanmu kuma ya ba ta rabonsa na ruwan da ya saura ya ce ya riga ya sha, alhali leɓensa ya tsage har yana jini. Tana cikin haka na ga ƙanwata ta leƙo daga zaure, ta sulalo ta zauna ta jawo wake. Wani ya biyo ta, wani ya biyo shi. Kaka ba ta nuna ta gan su ba, ta dai ɗaga murya kaɗan. Kafin a kira magariba kwando ya cika, har an fara na biyu. Da za ta tashi alwala ta dafa kafaɗata ta ce, "Gobe ka kawo shi, maigida. In ji sauran ƙaryar."

Mun fi mako biyu a kan wannan ɗan siririn littafi, don ba ma wuce shafi ɗaya ko biyu a yini. In na karanta layi uku ta tsayar da ni ta yi na rabin sa'a. Ba kullum take ƙaryatawa ba. Wani wurin sai ta gyaɗa kai ta ce, "Nan ya yi gaskiya, wani yah hwaɗa mai." Wata rana Baba ya dawo da wuri ya tsaya a bakin zaure da buhunsa a kafaɗa, yana jin yadda mahaifinsa ya taɓa sasanta rigimar rijiya tsakanin fatake da makiyaya. Bai taɓa jin labarin ba, shi da aka haifa a gidan. Ya ajiye buhun ya zauna a kan turmi har aka gama. Ƙullin tufafin nan kuwa ban san ranar da aka kwance shi ba. Na dai ga zannuwan a shanye a igiya, kuma ba wanda ya sake ambaton Garu.

Da muka kai ƙarshen littafin, na ce zan mayar. Sai Kaka ta shiga ɗaki ta ɗauro baƙin zanenta na saƙi da ba ta ɗaurawa sai za ta biki, ta yafa mayafi ta ce, "Wuce mu tahi. Kai ni wurin mushen nan naka." Mutanen ƙetare haka suke kiran malamin boko, mu kuwa a nan kowa ya san abin da mushe yake nufi. Duk hanya ina roƙonta kada ta faɗa a gabansa. Muna shiga ta yi sallama ta ce, "Kai na mushen?" Yaran da ke kan benci suka toshe baki. Malam ya miƙe da ƙafarsa mai ciwo, ya jawo mata kujerarsa, shi kuma ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ni na, Inna. Sannu da zuwa."

"Kai ka ba ɗiyan mutane ƙarya su kai gida?"

"Abin da nis samu ke nan, Inna. Wanda yar rubuta, ji yay yi. Ke kin gani."

"To mi za a yi? Haka za su tashi da tulu bisa jaki?"

"Sai a gyara, in kin yarda."

Ya ɗauko fensir da farar takarda ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ina karanta wurin da ta ƙi, tana faɗin yadda abin yake, yana rubutawa. In ya gama ya karanta mata, ta ce ba haka ta ce ba, ya goge ya sake. Sau huɗu ta je kafin ta gamsu. Malam ya liƙa takardun a bayan littafin da ƙaro, har bangon ya daina rufuwa, sai da ya riƙa ɗaure shi da zare. Daga nan duk wanda zai ara sai ya ce masa ya karanta gaba, ya karanta baya, sa'an nan ya tambaya a gidansu ko akwai wanda ya taɓa bin hanyar. Littafin da ya yi shekaru a ƙasan akwati ya zama sai ka yi jira kafin ya zo hannunka. Ni kuma na ci gaba da aro na dariyata, amma a gindin bedi nake karantawa, yini ɗaya nawa, yini ɗaya na Kaka. Ta fi kowa dariya, musamman in na yi muryar alƙali.

Na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, kuma iyaye da yawa sun tare ni suna tambayar abin da ya dace yaransu su karanta ko su kalla. Har yau surukaina suna turo mini irin wannan tambaya. Ban taɓa saurin ambaton komai ba sai na ji su wane ne a gidan, wa ke zaune shi kaɗai, wa ya san wani abu da ba a tambayarsa. Na gwada wannan a gidaje da yawa, ban ga inda ya ba ni kunya ba. Kowane gida akwai mai labari, sai dai a rasa mai tsokano shi.

Kaka ta rasu a ɗakinta na gidanmu, ina aji na ƙarshe a kwalejin horon malamai. Malam kuma ya koma Sakkwato da ya bar aiki. Bayan shekaru, wata hidima ta kai ni birnin, na nemi gidansa na same shi a zaure, ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni. Da na faɗi ko ni wane ne sai ya ce, "Jikan mai salka!" Muka yi dariya, na gaya masa rasuwarta, ya yi mata addu'a mai tsawo. Sa'an nan na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina.

"Malam, ƙaƙa kas san littahin nan na da kurakurai? Kai ma ka yi hatauci?"

Ya yi dariya har da tari. "Ni? Ban taɓa wuce Ƙwanni ba. Da ka tambaye ni sa'annan, ni ma tulu zan ce maka."

"To don mi kab ba ni shi?"

"Kai kac ce min da ƙahwarta tat tahi. Wanda yat taka hanya da ƙahwa tai, in ya ji wani na ba da labarinta, ko daidai ko kuskure, ba shi iya yin shiru." Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Ba kai nib ba aron littahin nan ba, ɗana. Kakarka nib ba. Kai ɗan aike na."

Na fito daga zauren ina dariya ina share ido, mai furfura da ni, har mutanen da ke bakin titi suna kallona. Allah ya jiƙan wanda ya aike ni, ya jiƙan wadda aka aike ni wurinta, ya sa aljanna ce makomarsu.